Tsakanin dalar Fir'auna da dalar Amurka: yadda ɗaliban Alƙahira ke saukar baƙi daga gida

Duk wanda ke da ɗan'uwa ko aboki mai karatu a Masar ya san hoton nan. Ɗalibi ya tsaya a gaban dalar Giza ya sha baƙin gilashi, Hajiya na gefensa tana riƙe mayafi saboda iska, ƙaninsa kuma yana can baya a kan raƙumi ya ƙanƙame sirdi kamar ransa zai fita. A ƙasa an rubuta "Alhamdulillah, iyali sun iso." Kafin magariba an cika shi da "Masha Allah" da "Allah ya maimaita mana", wasu har sun fara tambayar nawa ne kuɗin jirgi.

Farin cikin da ke cikin hoton nan na gaske ne. Mu da ke karatu a nan mun san yadda zuciya ke yi in ka hango fuskar mahaifiyarka tana fitowa daga ƙofar filin jirgi bayan shekara biyu ba ku haɗu ba. Sai dai akwai abubuwan da kyamara ba ta ɗauka: neman masauki, lissafin kuɗi, laccocin da suka wuce ka, da bashin da wani lokaci yake kwana da kai bayan baƙi sun koma. Ɗalibai ba su cika faɗa ba saboda kunya, 'yan gida kuma ba su cika tambaya ba saboda ba su san akwai abin tambaya ba.

"Muna nan tafe"

Yawanci da saƙon murya ake farawa a WhatsApp. "Ka ji, an ba mu biza, ranar Laraba muna nan tafe in Allah ya yarda. Ni da Goggonka ne da yara biyu." Daga nan ɗalibi ya zama direba, tafinta, dillalin gida, mai dafa abinci da ɗan jagora, duk a lokaci guda.

Alƙahira ta bambanta da Landan ko Kuwala Lumfur ta wannan fuskar, domin gari ne da mutanenmu ke zuwa ko da ba su da ɗa a makaranta. Wasu jinya ce ke kawo su, wasu saro abaya da jallabiya da littattafai, wasu kuma yada zango suke yi a hanyar Umara. Jirgin EgyptAir yana zuwa Kano da Abuja da Legas, tafiyar ba ta kai ta Turai nisa ba. Saboda haka ɗalibin Alƙahira ba iyayensa kaɗai yake sauka ba. Akwai abokin Baba, akwai maƙwabciyar Umma, akwai wanda kawai aka ba shi lambarka a tashar jirgi aka ce "yaron kirki ne, zai kula da kai."

Baƙon gida kuwa ba ya zuwa hannu biyu. Da an buɗe akwati ɗaki ya ɗauki ƙamshin daddawa. Ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga yaji, ga kilishi an naɗe shi cikin takarda, ga dambun nama, ga manja an ɗaure bakinsa da leda har hawa uku. Ranar ko abokan da ba ka gayyata ba sai sun zo gaishe da Hajiya, kuma kowa ya san abin da ya kawo shi.

Ina za a sauke su?

Wannan ce matsala ta farko. Ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta, kamar waɗanda ke Madinatul Bu'us ta ɗaliban Azhar da suka zo daga ƙasashen waje, ba shi da ikon kwantar da baƙo a ɗakinsa. Wanda ke haya a gari kuma, a unguwannin Madinatu Nasr irin su Hayyul Ashir da Hayyus Sabi' inda 'yan Afirka suka yi yawa, da wuya ka same shi shi kaɗai a gida. Mutum huɗu ko shida ne suke haɗa kuɗi su kama gida ɗaya. Ba za ka kai mahaifiyarka cikin samari biyar ba, ɗaliba mace ma ba za ta kai Kawunta gidan da 'yan mata ke zaune ba.

Abin da aka fi yi shi ne a kama gida mai kayan ɗaki na mako ɗaya ko biyu, wanda Misrawa ke kira shaƙƙa mafrusha. Ana samunsa ta hannun simsar, wato dillali, kuma shi ma da ladansa. Ga iyali mai mutum huɗu zuwa sama ya fi otal sauƙi, sannan akwai kicin, abin da ke ceton aljihu da cikin dattawa. Kafin ka biya, ka je da ƙafarka ka gani. Ka tambayi hawa na nawa ne, ka kuma tabbatar na'urar hawa bene tana aiki, domin gine-ginen Alƙahira dogaye ne, Hajiya mai ciwon gwiwa ba za ta hau bene shida sau biyu a rana ba. In lokacin sanyi ne, tsakanin Disamba da Fabrairu, ka duba ruwan zafi da barguna. Mutanenmu da yawa suna zaton ƙasar Larabawa kullum zafi ne, su zo da shadda mai shara-shara, daren farko su kwana suna rawar ɗari. Ka kuma gaisa da bawwab, mai gadin ginin, ka gabatar masa da baƙinka. Shi ne ya san mai gyaran famfo, shi ne zai nuna wa Baba masallaci in ba ka nan.

Dala biyu

A Kano in an ce Dala, dutse ake nufi. A Alƙahira kuwa ɗalibi yana fama da dala biyu: wadda baƙi suka zo gani, da wadda ke cinye kuɗin da aka turo masa.

A watan Yunin 2023 Najeriya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar Amurka da ake samu a hukumance a wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ranar 6 ga Maris 2024 ita ma Masar ta saki fam ɗinta, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa wajen fam 50. Kayan masarufi suka tashi, kuɗin haya ma ya tashi, musamman bayan yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro mutane masu yawa zuwa Alƙahira. Ɗalibin Najeriya yana tsakiya: kuɗin da Baba ya turo ya rage daraja tun kafin ya bar gida, in ya iso kuma ya tarar da kasuwar da ta yi tsada.

Amma a gida kallon da ake yi maka shi ne "ɗan ƙasar waje". Kuma mu kanmu muna da hannu a ciki, tunda abin da muke ɗorawa a Instagram shi ne bakin Kogin Nilu da daddare, ba wanda ke ɗora hoton wake da burodin da ya ci kwana huɗu a jere. Shi ya sa baƙo ke zuwa da tunanin kana da hali, kai kuma ka ji nauyin ka ce ba ka da shi. Da an zo biyan tasi sai ka yi wuf ka zaro kuɗi. Da an kawo takardar kuɗin abinci sai ka ce "a'a Kawu, ku bar shi." Kawu ya yi zaton da gaske kake, ya sa albarka. Kuɗin hayar watan gobe ne ya tafi.

Maganin wannan magana ce tun kafin a sayi tikiti. Ba rashin kunya ba ne ka rubuta wa Baba lissafi dalla-dalla: kuɗin gida na kwana goma, kuɗin mota, kuɗin shiga wuraren tarihi, kuɗin cefane. Iyaye da yawa sun fi son haka, domin su ma ba sa son su bar ɗansu da bashi. Haƙƙin baƙo da muka koya tun a islamiyya kwana uku ne, kuma gwargwadon hali ne. Ka yi musu liyafa guda daga aljihunka in kana so, ko da shayi da kunafa ne, sauran kuma a haɗa kuɗi wuri ɗaya a riƙa cira.

Ka sanar da su abu biyu tun da wuri. Na farko, a wuraren tarihi farashin baƙo daban, na ɗan ƙasa daban, kuma na baƙo ya ninka sau da yawa. Ɗalibi mai katin shaida yana samun ragi, amma ragin nasa ne shi kaɗai. Na biyu, manyan wurare da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayar da tikiti, sai kati, katin naira kuma ba kullum yake aiki a waje ba. Akwai kuma bakshish, ɗan ihsanin da ake ba mai ɗaukar kaya, mai tsaron takalma a masallaci da ma'aikacin gidan abinci. Ba shi da yawa, amma in ya taru yana da nauyi, don haka a riƙa ajiye canji.

Kowa da Masar ɗinsa

Iyali ɗaya ne za su sauka daga jirgi ɗaya, amma kowa da garin da ya zo gani.

Dattawa maza, musamman waɗanda suka yi karatun zaure, Azhar suke so. Masallacin an fara gina shi a shekarar 970 zamanin Faɗimiyawa, aka fara sallah a cikinsa a 972. Alaƙarmu da wurin tsohuwa ce. A cikin ruwaƙan da aka ware wa ɗaliban ƙasashe akwai na mutanen Borno. Mansa Musa na Mali ya ratsa Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta Hajji. Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk watan azumi, malaman garin nan biyu ne suka rubuta shi, Jalaluddin Mahalli da Jalaluddin Suyuɗi. Shi Suyuɗin, wanda ya rasu a 1505, ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasarmu, ciki har da na Katsina da na Agadas. Shehu Halil mai Muhtasar shi ma ɗan Alƙahira ne. In ka faɗa wa Baba waɗannan a tsaye a farfajiyar masallacin, za ka ga yadda fuskarsa ke canjawa.

Lokacin da mahaifina ya zo, awa ɗaya na ware wa Azhar. Sai da muka yi azahar da la'asar a can. Daga masallaci ya shige lungun masu sayar da littattafai da ke bayansa, ya tsuguna yana buɗe bugu-bugu na littattafan da ya karanta a gaban malaminsa tun yana saurayi. Can ya ɗago ya ce da ni, "Kai yanzu kullum kana iya zuwa nan?" Na ce ƙwarai. Bai sake cewa komai ba, amma tun daga ranar ya daina tambayata yaushe zan gama in dawo.

Daga Azhar, tsallaka titi kawai za a yi a shiga masallacin Sayyidina Husaini da kasuwar Khan Halili, wadda ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 14. A rana ta daban kuma ana iya haɗa ganuwar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176, da masallacin Muhammad Ali da ke cikinta, sai hubbaren Imam Shafi'i, sai masallacin Amru bin As, masallaci na farko da aka gina a Masar.

Iyaye mata kuwa tambayarsu ta farko ɗaya ce: "Ina gawar Fir'auna?" A nan ɗalibai da yawa ke kai baƙi inda ba nan ba. Gawarwakin sarakunan sun bar tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir tun Afrilun 2021, lokacin da aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. A can Ramsis na Biyu yake, da ɗansa Marnabtah, su biyun da aka fi ambata in ana maganar Fir'aunan zamanin Annabi Musa. Masana ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba, gara ka faɗa wa Umma haka da ka nuna mata ɗaya ka rantse. Ba a ɗaukar hoto a zauren gawarwakin, kuma yawancin masu shiga shiru suke fitowa.

Yara da matasa dala suke so, da raƙumi, da abin da za su ɗora a TikTok. Babbar dalar Khufu ta kai wajen shekara 4,500, tsayinta na asali kusan mita 146. Tikitin shiga filin daban ne, na shiga cikin dalar daban, kuma hanyar ciki matsattsiya ce, a duƙe ake hawa. Mai hawan jini ko ciwon baya ya haƙura da ita. A je da sassafe kafin rana ta buɗe, a riƙe ruwa. Maganar raƙumi da doki kuwa, a gama ciniki tun ana ƙasa, a fayyace kuɗin na tsawon wane lokaci ne, kuma fam ake nufi. Kusa da dalar akwai sabon Babban Gidan Tarihin Masar da aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025, inda aka tattara kayan kabarin Tutankamun da aka gano a 1922. Shi kaɗai yana cin wuni.

In akwai kwana da kuɗi, Iskandariyya tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku ce a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. Akwai teku, akwai ganuwar Ƙaitbai, akwai babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, sannan akwai masallacin Imam Busiri mai Burda, wanda dattawanmu ba sa son su koma ba su ziyarta ba.

Wata shawara daga waɗanda suka daɗe suna wannan hidima: wuri ɗaya babba a rana ya isa. Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, cunkoson motoci na iya cinye awa biyu a tafiyar da taswira ta ce minti talatin ce. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987, yana da arha da sauri, kuma akwai taragon mata zalla, amma lokacin tashi daga aiki ba wurin tsofaffi ba ne. Motar haya ta manhaja irin Uber ta fi sauƙi tunda an san kuɗi tun kafin a shiga. Game da Nilu kuma, ka san jirgin da za ka sa iyayenka. Ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai da ake kira faluka, da yamma, shi ne na iyali. Manyan jiragen cin abincin dare da yawa suna da kiɗa da mai rawa, kuma ba ka son ka tsinci kanka a teburi ɗaya da Baba lokacin da aka kunna fitilu masu launi.

Harshe ma da nasa abin dariyar. Baba ya yi nahawu ya ƙoshi, ya buɗe baki da Larabcin littafi, direban tasi ya yi ta kallonsa kamar mai huɗuba. Misrawa suna mai da jimun "ga", suna haɗiye ƙafun. Sannan ka gargaɗi Umma: in mai shago ya ce "khalli", wai a bar kuɗin, kara ce kawai irin tamu. A biya shi.

Teburin abinci

Ranar farko kowa yana son ya ɗanɗana na garin. Koshari ne abincin da ya fi kowanne suna: shinkafa da taliya da adas, wani ƙaramin wake mai faɗi, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa a sama. Yana da arha, yana ƙosarwa, yara suna son sa. Da safe akwai ful, wake dafaffe da mai, da ɗa'amiyya wadda Bahaushe na gani zai ce ƙosai ne, sai dai da wani irin wake ake yin ta da ganye, cikinta kore. Ana ci da aish baladi, gurasarsu. Mai son nama akwai kabab da kofta, akwai tantabara da ake cusa wa shinkafa a gasa. A kan titi akwai ruwan rake da ake matsewa a gabanka.

Abin da ke ba baƙi mamaki shi ne yawan abin da suka riga suka sani. Da aka kawo mana mulukhiyya, mahaifiyata ta ɗebo a cokali ta ga tana yauƙi, ta ce, "Yo wannan ai lalo ne, tafarnuwa kawai suka cika masa." Karkade zoɓo ne. Bamiya kuɓewa ce. In kuka shiga gidan abincin 'yan Sudan, waɗanda suka yawaita a unguwanni irin su Faisal, za ku tarar da asida mai kama da tuwo, da agashe, naman da ake gasawa da garin ƙuli da yaji, wanda sunansa ma daga bakin Hausawan Sudan ya fito.

Amma kada wannan ya ruɗe ka. Zuwa kwana na uku harshen dattijo ya fara neman gida. Abincin Misrawa ba shi da yaji irin namu, ko an kawo shaɗɗa ba ta kai ba. Shi ya sa ake yawo da ɗan kwalbar yaji a jakar Hajiya, kuma shi ya sa gida mai kicin ya fi otal. A ci na waje da rana, da daddare a tuƙa tuwon shinkafa ko na semo da miyar kukar da aka zo da ita. Kuɗin da za a kashe a cin abinci sau ɗaya a babban gidan abinci na bakin kogi zai yi cefanen kwanaki. Mai ciwon suga kuma a sa masa ido, domin kayan zaƙin Masar, basbusa da kunafa da Ummu Ali, sukari ne tsagwaronsa, shayinsu ma haka.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya game da ɗalibai mata. In ɗalibi namiji ya yi baƙi, abokai sukan taya shi yawo, abinci kuma a saya ko Hajiya ta shiga kicin. In mace ce, sau da yawa ita ce 'yar jagora da rana, ita ce mai girki da daddare, ita ce mai wanke-wanke, sannan da safe tana da lacca. Ƙannen da aka zo da su ba baƙi ba ne a wurin yayarsu, su tashi su kama aiki.

Jinya da jarrabawa

Nan ne abin ya fi nauyi. Hutun ƙarshen shekara a gida yana kamawa a Disamba, shi ne lokacin da iyalai suka fi samun sukunin tafiya. A jami'o'in Masar kuwa jarrabawar zangon farko a Janairu take, ta zango na biyu tsakanin Mayu da Yuni. Wato lokacin da gida ke hutu shi ne lokacin da ɗalibi ya fi buƙatar littafinsa. Ranakun aiki ma sun bambanta: Juma'a da Asabar ne hutu, Lahadi ana makaranta. Ɗalibin da ya faɗi darasi ko ya maimaita shekara, kuɗin makaranta da na haya da na sabunta iƙama duk za su sake hawa kan iyayen da suka zo ziyarar. Makonnin hutun tsakiyar shekara, daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, sun fi dacewa. Garin da sanyi, jarrabawa ta wuce, kuma lokacin ne ake baje kolin littattafai na duniya na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969.

Jinya kuwa ba ta duba kalanda. In an kawo mara lafiya, ɗalibi ne ke zama bakin iyali a gaban likita. Yaro ɗan shekara ashirin da ɗaya mai karatun shari'a ko aikin jarida zai tsinci kansa yana fassara sakamakon gwajin ƙoda, ko yana karanta takardar amincewa da tiyata. Wani lokaci shi ne zai fara jin mummunan labari, Kawunsa na kallon bakinsa yana jira ya mai da shi Hausa. Wannan ba ƙaramin kaya ba ne. Abin da ya kamata shi ne a nemi ɗalibin likitanci ko na harhaɗa magunguna daga cikin 'yan uwa ɗalibai ya raka ku ranar ganin likita, a nemi rahoto a rubuce da Turanci don likitan gida, kuma duk kuɗin da za a biya a biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti a karɓi rasit. Akwai masu shiga tsakani da ke cin kamasho a kan marasa lafiya, wasu ma da Hausa za su yi maka magana. Kada kuma ɗalibi ya rage ko ya ƙara a kan abin da likita ya faɗa don tausayi, domin a kan maganarsa iyali za su yanke shawara.

Ga waɗanda ke gida suna ba da lambar ɗalibi: a tambaye shi tukuna. Kiran minti biyu ne. "Wane zai zo jinya, kana da sarari?" In ya ce yana jarrabawa, a yarda da shi, a bar shi ya haɗa ku da wani.

Abin da ziyara ke barin baya

Duk da wahalar, da wuya ka sami ɗalibin da zai ce da ma ba su zo ba. Ziyara tana gyara abin da waya ba ta iya gyarawa. Uwar da ta ga ɗakin da ɗanta ke kwana, ta hau motar da yake hawa, ta ga farashin kaza da idonta, ba za ta sake cewa "me kake yi da kuɗi?" ba. Uban da ya ga 'yarsa tana ciniki da Larabci a kasuwar Ataba, tana hana a cuce shi, zai koma da wani irin kallo a kanta. Su ma abokan zama da suka yi shekaru ba su ga nasu iyayen ba, sukan zo su zauna a gaban Hajiya ta yi musu faɗa ta sa musu albarka, su koma ɗaki da sauƙin zuciya.

Maganar hoto kuma, a nemi izini. Ba kowace uwa ce ke son fuskarta a TikTok ba, kuma mara lafiyan da aka kawo a asirce bai kamata dangi su gane daga shafinka ba.

Daren komawa kuma akwai aiki na ƙarshe: awon kaya. Littattafan Baba kaɗai sun cinye kilo 23 na akwati ɗaya, ga abayoyin Umma, ga tsarabar maƙwabta, ga dabino da turare. Ka ari ma'auni a wurin abokai ku auna a gida, don kada a buɗe akwati a tsakiyar filin jirgi ana zaɓen abin da za a bari. A duba fasfo, a fita da wuri saboda cunkoso. Fam ɗin da ya rage a jakar baƙo ba shi da amfani sosai a kasuwar Kwari, ya fi kyau a damƙa shi a hannun ɗalibin. Sauran kuka da daddawa ma a bar masa, za su kai shi har azumi.